Da Gwiwata Na Karya Bayan Ɗiyata

Edita da masu karatu, ina yi maku sallama irin ta Musulunci. Ku yi haƙuri da rubutuna, iyakar karatuna firamare ce, sai ɗan karance-karancen da na riƙe bayan aure. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro, don labarin da zan ba ku ba na abin alfahari ba ne.

A lokacin da abin ya faru, in ka shigo unguwarmu a Kankia ka tambayi wadda ke yi wa mata wankan jego, ƙofar gidana za a nuna maka. Na fi shekara ashirin ina wannan aiki. Wurin mahaifiyata na gada, ita ma wurin tata uwar. Har daga Kunduru da Kaikai akan zo da babur a ɗauke ni, in je in yi wa mai jego satin farko, in nuna wa mutanen gidan yadda za su ci gaba. Ina da ƙarfi, ina da baki, kuma a duniya babu abin da na tsana kamar raki. In mai jego ta fara yi mani kuka ruwa ya yi zafi, sai in tambaye ta ko lokacin da take cin amarcinta ta aiko a kira ni. Mata su yi ta dariya, ita ma ta yi dariyar dole, in ci gaba da aikina. Gaskiya ina jin kaina. Ban taɓa zama na yi tunanin akwai wani abu game da jikin mace da wani zai koya mani ba.

Wankan kansa kowa ya san shi. A tafasa ruwa a rabin duro, a tsoma ganyen darbejiya, wanda mu nan muke ce wa bedi, a riƙa fyaɗa wa mai jego safe da yamma har kwana arba'in, ga kunun kanwa, ga yaji da nama. Abin da ya bambanta ni da sauran shi ne wani abu da muke kira haɗa baya a gidanmu. Mun taso an gaya mana haihuwa tana buɗe ƙasusuwan mace, in ba a mayar da su ba za ta tsufa da ciwon baya. To bayan an gama wanka, jiki ya yi laushi, sai in kifar da matar a tabarma, in ɗora gwiwata a tsakiyar bayanta, in kama kafaɗunta biyu in ɗago su da ƙarfi har sai na ji ƙashi ya yi ƙara. Wannan ƙarar ita ce shaidata cewa aiki ya yi. Mata da yawa sun ce mani suna tashi su ji jikinsu sakayau, kuma ba na ce ƙarya suke ba, don mata ne masu lafiya da ƙashi mai ƙwari.

Ɗiyata ba ta cikinsu. Ita ce ta huɗu a 'ya'yana shida, kuma tun tana shekara huɗu muka san akwai abin da ke damunta. Kullum fara fat, idanu ɗorawa, ciki ya kumbura ta gefen hagu. Muka yi ta maganin shawara, daga baya aka ce sikila ce. Sai da ta kai shekara goma sha ɗaya aka tura mu wani babban asibiti a Kano, aka ɗebi jininta da nawa da na mahaifinta, aka ce ba sikila ba ce, wata cuta ce ta gado mai suna talasemiya. Jikinta yana yin jini, amma jinin ba ya da ƙarko, yana mutuwa da wuri. Nata ba mai tsananin nan ba ne da sai an yi ƙarin jini kowane wata, amma a shekara akan ƙara mata sau biyu ko uku. Ta taso 'yar ƙarama, ba ta fara al'ada ba sai da ta kusa goma sha bakwai. Sau biyu tana karaya a hannu, ɗaya ta faɗo daga dakalin ƙofar gida wanda bai kai gwiwa ba, ɗaya kuma guga kawai ta jawo daga rijiya. Ni kuwa sai na mayar da abin tsokana, nake ce mata mai ƙashin kaza, ita kuma ta yi ta dariya, don yarinya ce marar fushi. A kaina, cutarta ta jini ce. Jini daban, ƙashi daban, ban taɓa haɗa su ba.

Ta gama sakandare, ta koyi ɗinkin hula, tana da shekara ashirin da biyu wani malamin firamare ɗan Kusada ya gan ta ya ce yana so, ita ma ta nuna tana so. Da bakina na aika aka gaya masa yarinyar nan ba ta da lafiya, kada ya zo daga baya ya ce an rufe shi. Ya ce ya sani, har ya je an gwada jininsa an ce babu matsala tsakaninsu. Yaro ne mai hankali, ba zan ci haƙƙinsa ba. Tun da aka ɗaura aure ya karɓi kai ta asibiti, ni kuma na huta, na daina zuwa. Saboda haka duk abin da likitoci suka riƙa faɗa a waɗannan shekaru ban ji da kunnena ba. Ban san an ɗauki hoton ƙasusuwanta tun kafin ta sami ciki ba, ban san an ce masu ƙashinta ya yi shara-shara kamar na tsohuwa ba, ban san dalilin da ya sa aka ɗora ta a kan wasu manyan ƙwayoyi farare ba. Ta haihu a asibitin nan na Kano, da kanta, namiji, aka ƙara mata jini, bayan kwana huɗu aka sallame su. Da yake haihuwar fari ce, gidana aka kawo ta wanka kamar yadda aka saba. Na yi murna ƙwarai. Na yi wa 'ya'yan mutane, yau ga tawa, na ƙudura a raina zan yi mata jegon da za a daɗe ana labarinsa, ran arba'in ta goya ɗanta ta zaga dangi kowa ya ga aikina.

Washegari mijinta ya zo da itacen wanka cike da amalanke. Ya durƙusa a zaure kansa a ƙasa, ni kuma ina tsaye daga bayan labule, don ku kun san tsakanin suruka da mijin ɗiyarta. Ya gaishe ni ya sake gaishe ni, sannan ya turo wata leda mai magunguna da takarda a ninke. Ya yi ta kewaye-kewaye, wai likita ta ce a riƙa bin ta a hankali, wai jikinta ba kamar na sauran mata ba ne, wai akwai bayani a takardar in an sami wanda zai karanta. Yau na gane abin da yake son faɗa. So yake ya ce kada a taɓa mata baya, kada a danna mata ƙugu. Amma ta ina yaro mai kunya zai buɗe baki ya ambaci ƙugun matarsa a gaban uwar da ta haife ta? Ni kuma maimakon in taimake shi in tambaya, sai na yi dariya na ce ya kwantar da hankalinsa, tun kafin a yi masa kaciya nake wannan aiki. Ya yi godiya, ya hau babur ɗinsa ya koma Kusada. Takardar da Turanci aka rubuta ta, na sa ta cikin wata langa a saman kabad na rufe. Magungunan kuwa na ce mai jego ba ta haɗa kanwa da maganin asibiti, nono zai ƙafe, ta bari sai bayan arba'in. Ta buɗe baki za ta yi magana, na ce ta yi mani shiru, sai ta yi.

Ba na haɗa baya sai suna ya wuce, don haka satin farko wanka kawai muka yi. Tun watan ƙarshe na cikin take kukan ciwon baya, kuma bayan haihuwar ya ƙaru, in za ta tashi sai ta dafa bango. Wani mai hankali da ya ji tsoro. Ni kuwa sai na ɗauke shi hujja, na ce ga shi nan, bayan ne ya buɗe yana neman a mayar da shi. Ran kwana tara da safe, bayan na gama fyaɗa mata ruwa, na shimfiɗa tabarma na ce ta kife. Ta tsaya riƙe da zaninta a ƙirji, jikinta yana turiri, ta ce da ni a hankali, “Inna, don Allah ki bar wannan. Likita ta ce kar a danne ni ko kaɗan.” Na ce likitar ta taɓa haihuwa kuwa? Na ce, mata nawa na yi wa a garin nan, wacce ce ta mutu? Na ce in ta saba yi wa mijinta shagwaɓa a Kusada, nan gidan ubanta ne. Ta dube ni, ta dubi tabarmar, ta durƙusa ta kwanta. Ba ta taɓa yi mani musu ba tun tana ƙarama, kuma da wannan tarbiyyar nake taƙama.

Na ɗora gwiwa, na kama kafaɗunta, na ja. Ban ma sa rabin ƙarfin da nake sa wa wasu ba. Ƙarar da na ji ba irin wadda na saba ji ba ce. Wadda na sani takan fita tsaf ne sau ɗaya. Wannan kuwa can ciki ta yi, kamar an taka busasshen kara a ƙarƙashin tabarma. Ba ta yi ihu ba. Numfashinta ne ya ɗauke, ta cusa bakin zani a baki ta cije, yatsunta suka kama tabarmar. Na ji wani abu ya ɗarsu a zuciyata, wallahi na ji, amma na danne shi. Na shafa bayan na ce alhamdu lillahi, ya koma wurinsa. Sai da na kira ƙanwarta muka ɗaga ta muka kai ta ɗaki.

Daga ranar ba ta ƙara iya juyi da kanta a gado ba. Ba ta iya ɗaga jaririn ta kai shi ƙirji, sai dai in kwantar mata da shi a gefe ya sha. In ta yi tari hawaye ke fito mata. Na ce tsamin jiki ne, gashi zai warware shi, na ƙara wa ruwa zafi, na ƙara wa kunu kanwa. Ran kwana goma sha biyu na sake yi mata, don a ƙa'idarmu sau uku ake yi. A wannan karon ta yi ƙara har maƙwabta suka ji. Akwai wata mata 'yar kudu da ke haya a gidan da ke jikin namu, tana sayar da kayan ɗinki a bakin titi, ta daɗe a garin, Hausa a bakinta kamar mu. Ta shigo ko sallama ba ta gama ba, ta leƙa ɗakin, ta fito ta ja ni gefe ta ce wannan kukan ba na ruwan zafi ba ne, ta roƙe ni in kira mijin yarinyar a mayar da ita asibiti yau ɗin nan. Na ce mata ku da kuke wanka da ruwan sanyi ranar da kuka haihu, me kuka sani a jego? Ta juya ta fita. Ran kwana goma sha biyar na cika na ukun. Duk wannan lokaci mijin yana kiranta a waya kullum, ina jin ta tana ce masa da sauƙi. Daga baya ta gaya wa ƙanwarta wai ba ta so ta haɗa mijinta faɗa da uwarta.

Ran kwana goma sha tara, wata Juma'a, ta ce ta gaji da kwanciya, in taimaka mata ta fita tsakar gida. Na ɗaga ta ta tsaya jikina. A nan na lura da abin da ya tsinka mani zuciya. Yarinyar da kanta ke kai mani kunne, yau iyakarta haɓata. Kafin in gama mamaki ƙafafunta suka saki, ta sulale ƙasa, fitsari ya zubo mata ba ta ma san ya zubo ba. Ta ce ba ta jin ƙafarta ta dama sosai, kamar ba tata ba. Ko a lokacin, Allah ya gafarta mani, tunanina ya tafi wajen sanyi ko iska, har na fara lissafin wanda zan aika wa ya kawo hayaƙi. Ana saukowa daga masallaci mijinta ya iso. Ya jira a zaure ba ta fito ba, ya ji ƙanwarta tana kuka, sai kawai ya shigo cikin gida kansa tsaye, abin da bai taɓa yi ba. Ya durƙusa ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, ya taɓa ƙafar. Sannan ya ɗago ya dube ni cikin ido. Tun da ya fara neman ɗiyata bai taɓa haɗa ido da ni ba sai ranar. Ya fita bakin titi ya tsayar da mota, shi da direban suka cire ƙyauren ɗakin girki suka ɗora ta a kai don kada bayan ya lanƙwasa, muka kama hanyar Kano ina riƙe da jaririn.

Likitar da ta san ta mace ce, ba ta wuce sa'ar babban ɗana ba. Bayan an yi hotuna ta kira mu, ta ce gaɓoɓi uku na ƙashin baya sun murƙushe, ɗaya ya matse laka, shi ya sa ƙafar ta mutu. Ta tambaya ko faɗuwa ta yi ko hatsarin mota. Ɗiyata tana kwance ta ce santsi ne ya kwashe ta a wurin wanka. Ina tsaye ina ji tana yi mani ƙarya don ta rufa mani asiri. Likitar ta ce faɗuwa ɗaya ba ta yin irin wannan, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na faɗi komai, gwiwar, da sau ukun, da magungunan da na hana, da takardar da ke cikin langa. Na yi zaton za ta zage ni, kuma da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai ta jawo kujera ta ce in zauna, ta yi mani bayani da Hausa kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya.

Ta ce a cikin ƙashi ake yin jini, a ɓargo. Mai wannan cuta jininta ba ya isar ta, sai ɓargon ya yi ta faɗaɗa yana ƙoƙarin yin ƙari, yana cin ƙashin daga ciki, kamar yadda gara ke cin azara ka gan ta lafiya daga waje. Ta ce jinin da ake ƙarawa kuma yana tara sinadarin ƙarfe a jiki, shi ne ke taɓa abubuwan da ke sa yarinya ta balaga a kan kari ƙashinta ya yi ƙwari, shi ya sa ta makara, shi ya sa take karaya tun tana yarinya. Sannan ciki ya zo ya ɗebi abin da ke gina ƙashi ya ba jariri, shayarwa ta zo tana ɗiba kullum. Fararen ƙwayoyin nan da na ɓoye su ne ke mayar mata da kaɗan daga abin da ake ɗiba. Na tambaye ta, ina neman inda zan fake, ko da ban taɓa ta ba ai ƙila da bayan ya karye da kansa. Ta ce zai iya yiwuwa wata rana, ba za ta ce a'a ba. Amma sun yi shekaru suna lallaɓa ƙashin nan, sun raka shi har ya ƙetare haihuwa lafiya, kuma abu na farko da ta rubuta a takardar shi ne kada kowa ya danna ko ya ja mata baya da sunan tausa ko gashi. Ta ce da gangan ta rubuta, don ta san abin da ake yi wa masu jego.

Abu na farko da aka yi shi ne aka hana ta shayarwa, don nonon yana ƙara cin ƙashin, kuma maganin da za a sa mata bai dace da jariri ba. Yaro bai cika wata ɗaya ba aka koma ba shi madarar gwangwani. Ƙirjinta ya cika ya yi tauri, nono yana zuba yana jiƙa rigar asibiti, yaron yana kuka a hannuna yana jin ƙamshinsa, ita tana kwance ba ta da ikon ko juyowa. Duk azabar da na gana mata a tabarma ban ga ta yi kuka irin na ranar ba. Ni da na hana ta magani don kada nono ya ƙafe, ni na yi sanadin da aka raba ta da shayarwar gaba ɗaya. Arba'in ta same ta a gadon asibiti. Babu kitso, babu lalle, babu zaga dangi. Ta yi wata huɗu a can. Aka sa mata wata riga mai tauri da ke riƙe baya, aka yi ta koya mata tafiya kamar yarinya. Ƙafar ta dawo amma ba duka ba, sai da sanda. Ranar sallama likitar ta faɗa mata a gabanmu cewa kada ta ɗauki abin da ya fi butar ruwa nauyi, kada ta sunkuya, kuma goyo kam ta cire shi a ranta har abada. Ta ce maganar wani cikin ma sai an zauna, don bayan ba zai ɗauka ba.

Yau shekara uku ke nan. Tana ɗakinta a Kusada, ni ma kusan can na koma, don dole a sami mai ɗaukar yaro. Shekararta ashirin da bakwai, amma in ka hango ta daga nesa a ranƙwafe da sanda za ka ce kakar wani ce. Zaune take salla. Ɗinkin hular ma ba ta iya daɗewa a kai. Na daina wankan jego, duron yana nan ya yi tsatsa, amma har yanzu mata suna aiko mani, wasu ma su ce don Allah in bar damuwa, ƙaddara ce, hannuna bai taɓa kuskure ba. Na yarda da ƙaddara, amma na san gwiwar wa aka ɗora. Mijinta har gobe yana durƙusawa ya gaishe ni kamar da, bai rage ko kalma ɗaya ba, bai kuma ƙara ko ɗaya ba, kuma wannan gaisuwar tana yi mani ciwo fiye da zagi. Ita kuwa ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ranar da na kasa daurewa na durƙusa gabanta na nemi gafara, sai ta kama hannuna ta ce, “Haba Inna, tashi. Ai gyara kika so yi.” Na so a ce ta yi mani ihu ko sau ɗaya ne.

Abin da na koya na koye shi a makare, kuma ba ni na biya ba. Na gane cewa shekara ashirin ina yin abu bai sa na san kowane jiki ba, jikin masu lafiya kawai na sani. Na gane kunyar da muke yabo a wurin suruki da biyayyar da muke yabo a wurin ɗiya, su ne suka rufe bakin mutum biyun da suka san gaskiya, ni kuma na ji daɗin shirunsu. Don haka ina roƙon iyaye mata da kakanni da masu aiki irin nawa, in kuna da yaro ko yarinya mai talasemiya, ko duk wani ciwo da ake ƙarin jini, kada ku ɗauka jinin ne kawai. Ku tambayi likita yaya ƙashinsu yake. Yaron da ke karaya a kan abin da bai kai ya kawo ba, ko matashiyar da ke yawan kukan baya, ko kuka ga tsawonta yana raguwa, ba raki ba ne, ku kai asibiti. Kada ku hana maganin da aka rubuta saboda kanwa ko wani jiƙo. In an kawo maku takarda ba ku iya karantawa, ku nemi mai karanta maku kafin ku hura wutar wanka. Ku kuma maza, in rai da lafiyar matarku ne a kan layi, ku ajiye kunya ku faɗi maganar da sunanta, surukar ta ji haushi in ta ga dama.

Ba don ku tausaya mani na rubuto ba, ban cancanta ba. Ku tausaya wa yaron da uwarsa. Lokacin da ya fara tafiya, wata rana tana zaune tana salla ya zo ta baya ya ɗafe mata wuya zai hau, kamar yadda kowane yaro ke yi wa uwarsa. Ni da ubansa muka yi kansa da ihu lokaci ɗaya muka fizge shi, ya firgita ya yi ta kuka. Sau uku ko huɗu aka yi haka, sai ya gane. Yanzu ba ya hawa jikinta, ba ya ma jingina da ita. Jiya ya faɗi a tsakar gida ya fasa leɓe, ya taso da gudu yana kuka. Tana zaune a bakin ƙofa, ta riga ta miƙa masa hannu biyu. Ya kewaye ta a hankali don kada ya taɓa ta, ya zo ya kama zanina yana cewa in goya shi. Na sunkuya na goya shi, ita kuma ta mayar da hannuwanta kan cinya, ta ce mani in duba ko haƙorin bai motsa ba.